Keken Motsa Jiki a Zariya: Tafiyar Ayari, Faɗuwa da Jinya

Bazazzagi ba ya buƙatar a gabatar masa da keke. Da shi manomi yake fita ta Ƙofar Gayan da fartanya ɗaure a kariya, da shi malamin allo yake zuwa ɗaurin aure, da shi yaro yake kai niƙa ta lungunan Kwarbai da Limancin Kona waɗanda mota ba ta shiga. Abin da yake baƙo shi ne mutumin da zai fito bayan sallar asuba da hular kwano da matsattsun kaya, ya hau keke mai siraran tayoyi, ya yi kilomita 40 ko 50, ya dawo gida bai kai saƙo ba, bai sayo komai ba. Irin waɗannan mahaya ba su da yawa tukuna, amma maganganun da ake yi a kansu sun fi su yawa. Wasu na cewa wasan 'yan boko ne da masu hannu da shuni. Wasu na cewa ganganci ne magidanci ya je yana gogayya da tirela. Idan kuma tsautsayi ya gifta aka samu karaya, sai gardamar ta sauya: a kai shi asibitin Shika ne, ko a kira maɗori?

Bayanan likitoci da na masana hanya sun nuna cewa ba tsadar keke ce ke raba wanda zai daɗe yana hawa da wanda zai jingine shi da nakasa ba. Abin da ke raba su shi ne tsarin da aka bi kafin a faɗi, da shawarar da aka yanke bayan an faɗi.

Wane keke, wane mahayi?

Keken da aka saba da shi, irin su Rali da Finis, an ƙera shi ne don ɗaukar kaya: ƙarfe mai nauyi, kariya mai ƙwari, giya ɗaya. Keken titi, wanda aka fi sani da keken tsere, an ƙera shi don gudu a kan kwalta. Yawancinsa bai wuce kilo 8 zuwa 11 ba, faɗin tayarsa kamar milimita 25 zuwa 32, kansa kuma a lanƙwashe yake zuwa ƙasa don mahayi ya sunkuya, iska ta rage dukan ƙirjinsa. Giya ita ce jerin haƙoran da sarƙa ke sauya mazauni a kansu: mai sauƙi don hawa tudu, mai nauyi don gudu a shimfiɗaɗɗen wuri. Akwai kuma keken jeji, wanda masu sayarwa ke kira mauntin, mai kaurin taya. Bai kai na titi gudu ba, amma ya fi shi jure rami da gargada, kuma ya fi sauƙin samu a wurin masu kekunan gwanjo.

Ɗan sha'awa shi ne wanda yake hawa don lafiya ko nishaɗi, ba don albashi ba. Ƙwararre kuwa sana'arsa ke nan: yana da likita da bakanike da mai kula da abincinsa, kuma ranar gasa rufe masa hanya ake yi. Mantawa da wannan bambanci yana cikin manyan abubuwan da ke jefa matasa cikin haɗari, domin sukan kwaikwayi gudun da suka gani a waya a kan titin da ba wanda ya rufe musu.

Ayari kuma shi ne mahaya biyu ko fiye da ke tafiya tare bisa tsari. Masu sharhin gasa kan ce “peloton”, kalmar Faransanci da ke nufin dunƙulen mahaya.

Yadda aka zo nan

An yi zamanin da sabon Rali abin alfahari ne, har kamfanin ya kafa masana'antarsa a Bompai da ke Kano. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai babur ya karɓe wannan matsayi. Acaba ta biyo baya, sannan baburan Sin masu araha suka cika gari, keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Shi ya sa lokacin da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga 'yan Nijeriya su koma hawa keke a 2001, har shi kansa ya riƙa hawa zuwa ofis, dariya aka yi masa. Da wata bas ta ture shi cikin lambatu a Abuja, mutane suka ce ai ga irinta nan. Abin da ya faru da ministan hujja ce a kan yadda aka gina titunan, amma keken aka ɗora wa laifi.

Abubuwa uku suka juya al'amarin. Mafi ƙarfinsu aljihu ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ma'aikata da ɗalibai da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekuna, masu gyara suka sake samun kasuwa.

Na biyu lafiya. Hawan jini da ciwon suga sun shiga kusan kowane dangi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Wani bincike da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2017, wanda ya bibiyi mutane sama da 260,000 a Birtaniya, ya gano cewa masu zuwa aiki a keke sun fi masu zuwa a mota ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya da kashi 46 cikin ɗari. Titunan can ba irin namu ba ne, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce. Keke kuma bai takura wa gwiwa kamar gudu da ƙafa, abin da ya sa ya dace da mai ƙiba da wanda ya manyanta.

Na uku abin koyi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke tun 2018, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma takan yi jerin gwano a ranar. A 2024 Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango uku a gasar zagayen Faransa, ya tafi da kyautar koriyar riga. A shekarar ce Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a Olamfik, a Paris, kodayake sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wani ɓangare na gasar. A Satumba 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren titi ta duniya, karo na farko a Afirka. Burkina Faso kuwa tun 1987 take gudanar da tata gasar.

Ƙasar Zazzau da hanyoyinta

Cikin ganuwa wurin keken sufuri ne, ba wurin gudu ba. Lunguna matsattsu ne, ga yara, ga awaki, ga kwata, ga baburan da ke ɓullowa daga kwana ba oda. Mai son motsa jiki sai ya fita waje, kuma ƙasar ta yi masa gata: shimfiɗaɗɗiya ce mai tudu da gangare marasa tsanani. Daga Ƙofar Doka ta Tudun Wada da Kwangila zuwa Samaru kimanin kilomita 15 ne, zuwa da dawowa ya ishi sabon shiga. Ana iya miƙewa Shika, ko a bi ta Basawa zuwa Hunƙuyi, ko hanyar Jos ta Dakace da Maigana zuwa Soba, ko a zagaya Wusasa a gindin Dutsen Kufena.

Kowace hanya da halinta. Babban titin Kaduna zuwa Kano, wanda aka sabunta a 'yan shekarun nan, ya fi kowanne santsi, kuma santsin nan ne haɗarinsa, domin motoci sun ƙara wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin da ke kisa da kashi 4. Hanyar Sakkwato ta Samaru cike take da tireloli da tankoki. Hanyoyin ƙauye sun fi natsuwa, sai dai da kaka manoma kan shanya masara da barkono a gefen kwalta, daidai inda mai keke yake bi, da damina kuma ruwa kan tara yashi a kwana ya ɓoye ramuka. Hazon hunturu yana hana direba hango mahayi da sassafe. Zafin Maris da Afrilu yana ƙarar da ruwan jiki kafin mutum ya ji ƙishi, abin da ya fi zama barazana ga mai cutar sikila. Da azumi, abin da ya fi dacewa shi ne ɗan gajeren zagaye dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi a wuri mai haske. Batun tsaro ma ba a raba shi da zaɓen hanya, musamman yankin da ya wuce Giwa ya nufi Birnin Gwari.

Me ya sa ake tafiya a ayari?

Babban abokin gabar mai keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce. Da zarar gudu ya kai kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin da mahayi ke kashewa wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi 30 cikin ɗari na wahalarsa. Wani bincike da Farfesa Bert Blocken ya jagoranta a 2018, a kan siffar ayarin mahaya 121, ya nuna cewa na tsakiya zuwa baya kashi 5 zuwa 10 kawai suke ji na iskar da mai tafiya shi kaɗai yake fama da ita. Don haka ake karɓa-karɓa: na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya zame gefe, ya koma baya ya huta.

Ayari yana da wasu amfanin da suka fi wannan muhimmanci a hanyoyinmu. Direba ya fi saurin ganin mutum goma a kan mutum ɗaya. Idan taya ta yi faci akwai mai famfo, idan an faɗi akwai mai kira. Kuma wanda ya san ana jiran sa a Kwangila da ƙarfe shida ba zai koma barci ba.

Sai dai kusancin da ke rage wahala shi ne ke jawo faɗuwa. Idan tayar gaban mahayi ta gogi tayar bayan wanda yake bi, kusan kullum na bayan ne yake zubewa, waɗanda ke biye da shi kuma su hau kansa. Na baya ba ya ganin rami, idonsa yana hannun na gaba. Saboda haka ayari yana buƙatar irin tsarin fataken da: jagaba a gaba wanda ya san hanya, madugu mai faɗa a ji, da wani a ƙarshe wanda ba ya barin kowa a baya. Na gaba ya nuna rami da hannu, ya ɗaga murya kafin ya tsaya, alamar ta bi layi har ƙarshe. Ba a danna birki ba zato, ba a zura taya ta shige gefen ta wani, ba a sa abin jin waƙa a kunne, ba a ɗaukar bidiyo ana tafiya. A kan hanya mai manyan motoci layi ɗaya ake yi, kuma ayarin da ya yi yawa a raba shi biyu don mota ta samu inda za ta shiga idan ta zo wucewa. Sabon shiga ya bar tazarar tsawon keke guda har sai hannunsa ya faɗa.

Akwai wata al'ada da ta zama jiki, wato bin hannun da ba naka ba don ka riƙa ganin motar da ke zuwa. Tun 1972 Nijeriya take tuƙi a hannun dama, keke ma abin hawa ne da dokar ta shafa. Mai fuskantar mota yana haɗa gudunsa da nata, direban da zai shigo daga mararraba kuma ba ya duba wannan ɓangare. Ganin motar ba ya hana ta zuwa.

Abin da ya fi wargaza ƙungiyoyin 'yan sha'awa shi ne mai da kowace fita ta zama gasa. Matashi ɗan shekara 20 da magidanci ɗan 50 ba za su yi gudu ɗaya ba. Ƙungiyoyin da suka daɗe, irin Cycology ta Legas, sukan raba mahaya rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu.

Hular kwano da wani tsoro da ba a faɗa a fili

Masu ƙin hular kwano suna cewa zafi gare ta, tana da tsada, kuma ba za ta hana tirela taka mutum ba. Maganar ƙarshe gaskiya ce. Amma yawancin faɗuwa ba tirela ke jawo ta ba: rami ne, yashi ne, akuya ce, gogar taya ce, kai kuma ya daki kwalta. Masu bincike a Ostireliya sun tattara bayanan mahaya sama da 64,000 da suka yi haɗari, suka wallafa a 2016 cewa hula tana rage mummunan raunin kai da kusan kashi 69 cikin ɗari. Hukumar tseren keke ta duniya ma ba ta wajabta ta ga ƙwararru ba sai a 2003, bayan Andrei Kivilev ya faɗi a gasar Paris zuwa Nice ya rasu. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu kuma ta gama aiki, domin soson cikinta sau ɗaya yake shanye duka, kuma wannan ne aibin hular gwanjo: mai saye ba ya ganin abin da ta sha.

Wasu mazan kuma suna gudun keke ne don jin cewa yana rage ƙarfin namiji. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, a kan maza kusan 4,000, bai samu cewa masu keke sun fi masu iyo ko masu gudu wannan matsala ba. Abin da ke faruwa shi ne sirdin da bai dace ba yana danne jijiya, wurin ya yi sanyi na ɗan lokaci. Maganinsa daidaita sirdi da miƙewa tsaye a kan feda jefi-jefi.

Awar farko bayan faɗuwa

Jama'armu ba su da ƙyashin taimako. Kafin ƙura ta lafa an kewaye wanda ya faɗi, wani ya ɗago shi, wani ya kwara masa ruwa, wani ya ja masa hannu don ƙashi ya koma. Niyyar mai kyau ce, amma wasu daga cikin waɗannan suna ƙara ɓarna. Farko a tsayar da motoci. Wanda yake kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, ba a ɗaga shi a naɗe a cusa a bayan A Daidaita Sahu. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi a miƙe a kan abu mai ƙwari. Jini kuma danne shi ake yi da tsumma mai tsabta. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Ƙujewa ita ce raunin da ya fi yawa. Ruwa mai tsabta da sabulu take so, a fitar da yashin duka, a rufe. Man birki da fetur da toka ƙona nama suke yi. A tambayi allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, domin ƙwayarsa tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi.

Buguwar kai ta fi kowane rauni yaudara, saboda mutum na iya tashi ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa lau. Ba sai an suma ba ƙwaƙwalwa take girgiza. Wanda ya kasa tuna yadda ya faɗi, ko yake maimaita tambaya ɗaya, ko jiri yake ɗibarsa, ba ya sake hawa keke a ranar, ko da gida ya kusa. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi ko farfaɗiya alamu ne na jini a cikin kai, kuma suna iya bayyana bayan awoyi. Wannan na asibiti ne nan take.

Ɗori ko asibiti?

A bambance abubuwa huɗu da baki ke haɗawa. Targaɗe rauni ne a jijiyoyin da ke riƙe gaɓa. Gocewa ita ce ƙashi ya fita daga gurbinsa. Tsagewa ƙashi ne ya tsage bai rabu ba. Karaya kuwa ya rabu, wani lokaci har ya huda fata. Ido da hannu ba sa iya rarrabe su ko yaushe, sai hoto. Mai keke idan zai faɗi hannu yake tokarawa, shi ya sa ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji da kuma wuyan hannu suka fi karyewa. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Idan aka ɗauke shi targaɗe aka yi ta murzawa, yana iya ƙin haɗewa har abada.

Masu zuwa wurin maɗori suna da dalilansu, kuma ba na wauta ba ne. Yana kusa, sana'ar gado ce da aka san gidanta, ana biyan sa gwargwadon hali, ba layi, ba a cewa sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa majiyyaci. Ga tsoron da ya yi kaka-gida cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. Kuma gaskiya ne an ga karaya da yawa da suka warke a hannun maɗora, domin ƙashin da bai kauce sosai ba, idan aka hana shi motsi, da kansa yake haɗewa.

Matsalar tana wurin waɗanda ba haka suke ba. Gaɓar da ta karye kumbura take yi. Idan aka ɗaure ta tamau da karan ɗori, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini, naman da jini ya yanke masa kuma cikin kamar awa shida yake fara mutuwa. Tun shekarun 1990 likitocin fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suke wallafa cewa ruɓewar da matsattsen ɗori ke haifarwa tana cikin manyan dalilan yanke hannu da ƙafa a yankin Zariya, har da na yara. Nan tsoron asibiti yake cin kansa: ana jinkiri don gudun yanka, sai a isa lokacin da babu abin da ya rage sai yankan, labari kuma ya bazu cewa asibiti ta yanke.

Matsayar da ta fi kusa da adalci ita ce hoto ya riga komai. Karayar da ta huda fata, ta cinya, ta ƙugu, ta kashin baya, da wadda ta shiga cikin gaɓa, ba na gida ba ne ko kaɗan. Ga Asibitin Koyarwa a Shika, ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda yake wannan aiki tun 1959. Kuma ko ɗori ne ko filastar asibiti, idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Komawa kan sirdi

Ƙashin kafaɗa na baligi yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, wuyan hannu da haƙarƙari kamar mako 6, cinya kuwa watanni. Ɗaukewar zafi ba ita ce haɗewar ƙashi ba, zafi kan riga ƙashi warkewa da makonni. A wannan tazara ce mutane da yawa ke sake karyewa. Taba sigari tana jinkirta haɗewar ƙashi, haka ma sugan da ba a kula da shi ba. Wake, ƙwai, nono, kifi da zogale suna ba jiki abin gini.

Bayan an cire filasta akwai sauran aiki. Naman da ya yi makonni bai motsa ba ya zube, gaɓar ta sandare. Aikin sashen gashin ƙashi ke nan, wanda ma'aikatan asibiti ke kira fizyo. Sunan yana sa mutane su zaci ruwan zafi ne da tausa kawai, alhali jigonsa atisaye ne da ake ƙara wa nauyi sannu a hankali har gaɓa ta dawo da motsinta da ƙarfinta. Da yawa sukan daina zuwa da zarar sun fara takawa, su ƙare da hannun da ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa.

Komawar hawa-hawa ce. A fara da keken da aka kafe wuri ɗaya, inda babu faɗuwa. Sannan gajeren zagaye shi kaɗai a wuri mai natsuwa, kamar cikin harabar jami'a a Samaru. Ayari shi ne na ƙarshe, domin wanda hannunsa bai iya damƙe birki da ƙarfi ba haɗari ne ga na bayansa. Mai buguwar kai ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, ya fara da tafiya a ƙasa, duk matakin da ya dawo masa da ciwon kai ya koma na baya. Faɗuwar gaba idan mota ta matso ita ma rauni ce, kuma yawan fita a hankali ne ke maganinta, ba gorin abokai ba.

Ƙwararru ma ba sa tsallake lokaci. Egan Bernal na Kolombiya, zakaran zagayen Faransa na 2019, ya daki bayan wata bas da ke tsaye yana atisaye a Janairu 2022, ya karya ƙashin baya da cinya da ƙoƙon gwiwa da haƙarƙari. Ya koma gasa bayan wata bakwai, amma sai a 2025 ya sake yin nasara. Chris Froome, wanda ya ci gasar sau huɗu, ya karya cinya a Yuni 2019, ya dawo bayan wata takwas, bai kuma sake kai matsayinsa na da ba. Waɗannan mutane ne da likitoci ke kewaye da su dare da rana.

Sai batun tiramadol, wanda ya zama ruwan dare a hannun matasa. Ɓoye zafi yake yi ba tare da ya warkar ba, zafin kuwa shi ne ke gaya wa mutum ya dakata. Yana kawo jiri da jinkirin tunani, abin da ya sa hukumar keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019. Ba duk ciwo ne daga faɗuwa ba ma: yawancin ciwon gwiwa daga sirdin da ya yi ƙasa yake. Idan mahayi ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarsa ta miƙe sak, tsayin ya yi daidai.

Inda ra'ayi ya rabu

Direbobi na cewa masu keke suna tare hanya, ba su da fitila, suna kutsawa ba sigina. Masu keke na cewa ana goga su kamar ba rai gare su ba. Kowane ɓangare yana da gaskiya, sai dai nauyin kuskuren ba ɗaya ba ne. Cikin mutum miliyan 1.19 da ke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya, fiye da rabi masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Sifaniya da Birtaniya sun ɗora wa direba barin tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce keke. Mahayi kuma nasa shi ne fitila fara a gaba, ja a baya, da riga mai ɗaukar ido.

Hawan mata ma ana saɓani a kansa. Yarinya kan hau keke a tsakar gida da ƙofar gida, da ta girma sai ta bari. Wasu iyaye na kallon abin ta fuskar kunya da sutura, wasu ta fuskar lafiya, ganin hawan jini da suga ba su bar mata ba. Inda ake samun daidaito shi ne wuri killatacce, lokaci na mata zalla, da suturar da ta rufe jiki ba ta kuma kai ga sarƙa ko wili ba, domin dogon hijabi ko zani da ya naɗe a taya yana kayar da mutum nan take.

Muddin mai yana da tsada, masu keke za su ƙaru, na sufuri da na sha'awa, kuma titi ɗaya suke bi. Abin da zai kare ɗan kasuwar Sabon Gari mai Finis shi ne zai kare malamin jami'a mai keken tsere: gefen titi mai kwalta wanda ba a mai da shi tasha ko wurin kasa kaya ba, da rage gudu a mashigar gari. Zariya tana da masu ilimin wannan aiki, domin Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa tana kan hanyar Basawa, jami'a kuma tana da sashen tsara birane. Su kuma ƙungiyoyin mahaya, kuɗin hoto da na filasta ne ke tura ɗan uwansu wurin ɗori a ranar da ya faɗi da aljihu wayam. Ƙaramin asusun da ake zubawa duk wata, ko rajista da hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, da takardar da ke ɗauke da lambar dangin kowane mahayi da rukunin jininsa a hannun madugu, abubuwa ne da ƙungiya mai mutum goma za ta iya kammalawa kafin fitarta ta gaba.